Iya Ruwa Fidda Kai: Abin da Ya Kamata Funtuwa da Malumfashi Su Sani Kafin Sayen Na'urar Numfashi

A ƙarshen rani, tsakanin Maris da Mayu, lokacin da ruwan rijiyoyi ke ja da baya a ƙauyukan Bakori da Ɗanja da Ƙafur, akwai wani labari da ke dawowa, sunan gari kawai ke sauyawa. Ana son a yashe rijiya ko a ƙara mata zurfi. Saurayi ya ɗaura igiya a ƙugu ya sauka. Jim kaɗan a kira sunansa a ji shiru. Ɗan'uwansa ya leƙa, ya hango shi a kishingiɗe, ya bi shi da gaggawa don ya ɗauko shi, shi ma ya yi shiru. Wani lokaci har na uku ya bi sahu. Kafin 'yan kwana-kwana su iso daga Funtuwa ko Malumfashi, gida ɗaya ya tashi da gawa biyu ko uku. A wurin zaman makoki sai a ji ana cewa rijiyar tana da iska. Maganar kuwa gaskiya ce, sai dai ba irin iskar da ake nufi ba ce. Iskar da ke ƙasan rijiyar ce ta gurɓace, huhun ɗan Adam ya shaƙe ta bai sami abin da yake nema a cikinta ba.

Idan damina ta kankama sai labarin ya koma bakin ruwa. Madatsun Mairuwa da Gwaigwaye da na Malumfashi su cika, kududdufan da aka bari bayan an ɗebi ƙasar bulo ko jar ƙasar gina hanya su batse, yara su tafi wanka, wani ya ƙi dawowa. Arewa ba ta manta da ranar 30 ga Nuwamba, 2021 ba, da jirgin ruwa ya kife a madatsar Watari ta Bagwai a Jihar Kano, aƙalla mutum 29 suka rasu, akasarinsu ɗaliban Islamiyya masu zuwa Mauludi. A watan Mayun 2022 kuma, cikin hidimar ƙaramar Sallah, irin wannan ya auku a Mai'aduwa ta Jihar Katsina, aka rasa aƙalla mutum 15, galibinsu yara. A kusan dukkan irin waɗannan ranaku, masunta ne da gwanayen ninƙaya na gari ke faɗawa ruwa, ba su da wani makami sai numfashin da suka cika ƙirjinsu da shi.

Bayan kowane rashi sai a ji kira ga gwamnati da ta sayo kayan nutso. Kiran yana kan hanya, amma akwai rami a gabansa. Yawancin bayanan da ɗan kwangila ko jami'in saye zai tarar a intanet an rubuta su ne don mai yawon buɗe ido da ke son kallon kifaye a garai-garan ruwan Bahar Maliya. Wanda ya bi wannan bayani zai sayo wa Funtuwa kayan da suka dace da Masar. Don haka ya wajaba a fahimci zuciyar waɗannan kaya, wato regileta, na'urar da ke daidaita iskar da mai nutso yake shaƙa, a san abin da ake dubawa wajen zaɓenta, a kuma san matsayinta a jerin abubuwan da yankin ke buƙata, domin ba ita ce ta farko ba.

An ƙirƙire ta ne don rami

Abin mamaki, asalin wannan na'ura ya fi kusa da rijiyar Ƙafur fiye da teku. A 1860 wani injiniyan ma'adinai Bafaranshe, Benoît Rouquayrol, ya yi rajistar wata na'ura da za ta bai wa mahaƙa iska mai kyau a cikin ramin da iskarsa ta gurɓace. A 1864 ya haɗu da wani hafsan sojan ruwa, Auguste Denayrouze, suka gyara ta ta yi aiki a ƙarƙashin ruwa. Bayan kusan shekara 80, lokacin Yaƙin Duniya na Biyu, man fetur ya yi ƙaranci a Faransa, wani injiniya mai suna Émile Gagnan na kamfanin Air Liquide ya ƙera ƙaramin bawul don motoci su yi amfani da gas. Jacques Cousteau ya ga cewa abin da zai iya shayar da injin mota gas gwargwadon buƙatarsa zai iya shayar da huhun mutum iska. A 1943 suka gwada ta a kogin Marne, daga nan aka sami Aqua-Lung, kakar yawancin kayan nutson da ake gani a yau.

Wannan tarihi yana nuna cewa matsalar mahaƙin rijiya da ta mai nutso tushensu ɗaya: mutum ya shiga wurin da ba zai iya shaƙar abin da ke kewaye da shi ba, dole ya tafi da iskarsa. Amma kamar yadda za a gani, tushe ɗaya bai sa maganinsu ya zama ɗaya ba.

Yadda take aiki

Duk wanda ke girki da gas ya san ƙarfen nan da ake ɗaurawa a kan tukunya, wanda ke rage ƙarfin gas kafin ya isa murhu. Regiletar mai nutso 'yar'uwarsa ce, sai dai aikinta ya fi wuya. Tukunyar da mai nutso ke goyawa tana ɗauke da iska a matse, kimanin bar 200, wato ninki 200 na matsin iskar da ke kewaye da mutum a bakin teku. Tayar mota ba ta cika wuce bar 2 da ɗoriya ba. Da za a buɗe wa mutum wannan tukunya kai tsaye a baki, da huhunsa ya yage nan take.

Saboda haka ake rage matsin a mataki biyu. Sashe na farko, wanda ke ɗaure a wuyan tukunya, yana saukar da shi zuwa kimanin bar 9 ko 10 sama da matsin ruwan da ke kewaye, ya tura iskar cikin tiyo. Sashe na biyu shi ne wanda mai nutso ke cizawa a baki. A cikinsa akwai faifan roba mai laushi, gefe ɗaya yana fuskantar ruwa, ɗaya gefen yana fuskantar bakin mutum. Idan ya ja numfashi, ruwa ya danna faifan ciki, faifan ya tura wani ɗan ƙarfe, bawul ya buɗe, iska ta zo. Idan ya tsaya, bawul ya rufe. Idan ya fitar da numfashi, ta wata ƙofa dabam iskar ke fita ta zama kumfa.

Dalilin wannan dabara shi ne nauyin ruwa. Kowane mita 10 na zurfi yana ƙara matsi daidai da na iskar duniya baki ɗaya. A mita 10 matsin ya ninka biyu, a mita 30 ya ninka huɗu. Shi ya sa doguwar gora ko tiyo da aka miƙa daga sama ba za su yi amfani ba: da mutum ya wuce mita ɗaya, ƙirjinsa ba zai iya buɗewa ya jawo iskar sama ba, ruwa ya fi ƙarfinsa. Regileta tana ba shi iska daidai da matsin inda yake.

A nan ne ka'idar da Robert Boyle ya wallafa a 1662 take da hukunci biyu a kan rai. Na farko, iska tana ƙarewa da sauri a ƙasa. Tukunya mai lita 12 a bar 200 tana ɗauke da lita 2,400. Idan aka ware bar 50 don ko-ta-kwana, saura lita 1,800. Mutumin da ke shaƙar lita 20 a minti ɗaya a sama, a zurfin mita 10 lita 40 zai sha, wato minti 45 ke nan. Idan yana aiki mai nauyi ko ya firgita, numfashinsa ya ninka, abin da ya rage masa bai kai minti 25 ba. Ko ƙwararru wannan lissafi bai ƙyale su ba. A watan Yulin 2018, wajen ceton yara 12 da kocinsu daga kogon Tham Luang na ƙasar Tailan, Saman Kunan, tsohon sojan ruwa mai nutso, ya sume ya rasu a hanyarsa ta dawowa daga ajiye wa wasu tukwanen iska.

Hukunci na biyu ya fi shafar masuntan gida. Masuncin da ya saba nutso da numfashinsa ya koyi abu ɗaya tun yana yaro: ka riƙe numfashinka har ka fito. Wannan ɗabi'a da ta tsare shi shekara da shekaru ita ce za ta halaka shi ranar da aka goya masa tukunya. Iskar da ya shaƙa a mita 10 za ta kumbura ninki biyu kafin ya iso sama, idan ya riƙe ta sai ta fasa huhu, kumfa ya shiga jini. Wannan na iya faruwa ko a ruwan da bai wuce mita biyu ko uku ba. Miƙa wa gwanin ninƙaya regileta ba tare da horo ba ganganci ne da ransa, ko da kuwa shi ne zakaran Kabanci a Argungu.

Abin dubawa wajen zaɓe

Tallar kamfanoni tana yabon regileta mara nauyi da za ta shiga jakar matafiyi, ko wadda aka ƙera da ƙarfe mai tsada, ko mai ƙyalli. Babu ɗaya daga cikin waɗannan da ya shafi madatsar Mairuwa a watan Agusta, inda ruwa ke zama ja da laka, mutum ba ya ganin tafin hannunsa, ga tsofaffin itatuwa da komar masunta a ƙasa. Tambayoyin da suka dace da wannan ruwa shida ne.

Ta farko ita ce ginin sashe na farko. Akwai mai fistin, akwai mai faifan roba. Mai fistin yana da sauƙin gini da sauƙin gyara, amma yawancinsa yana barin ruwa ya shiga wurin sifirin, yashi da laka su bi shi. Akwai kuma wanda aka rufe ruf, ruwa ba ya taɓa cikinsa. Mai sayarwa zai ce rufaffen na ƙasashen ƙanƙara ne, Najeriya ba ta buƙatarsa. Gaskiya ne sanyin hunturu ba ya kai ruwan Funtuwa ga daskarar da bawul. Amma rufin da ke hana ƙanƙara shi ne ke hana laka, don haka rufaffen ne ya dace.

Ta biyu, shin madaidaiciya ce? Regileta mara daidaito tana ƙara wuyar ja yayin da iskar tukunya ke raguwa, wato daidai lokacin da mai nutso ya gaji. Madaidaiciya tana ba da iska da sauƙi ɗaya daga farko har ƙarshe. Ga mai kallon kifi wannan jin daɗi ne kawai. Ga mai jan gawa ko mai kwance koma daga bakin bututu, wahalar numfashi tana tara gurɓatacciyar iska a jini, ta kawo ciwon kai da firgici, firgici kuwa shi ne ƙofar mutuwa a ƙarƙashin ruwa.

Ta uku, yadda take haɗuwa da tukunya. Akwai mai maƙala da ake ɗaurewa ta waje, akwai mai zare da ake murɗawa cikin wuyan tukunya, wadda ake kira DIN. A mai zare, zoben robar da ke hana yoyo yana ɓoye a ciki, kuma tana jure matsi har bar 300. A ruwan da mutum zai iya buga bayansa da reshen itace bai gani ba, mai zare ta fi aminci. Abin lura kawai shi ne tukunya da regileta da injin cikawa su kasance iri ɗaya, kada a sayo kaya daga wurare uku a tarar ba sa shiga juna.

Ta huɗu, shaidar gwaji. Ma'aunin Turai mai lamba EN 250 yana gwada wahalar da mutum ke sha wajen jan numfashi daga regileta a zurfi, kuma ana buga lambar a jikin ƙarfen. Takardar kwangila da ba ta ambaci wannan ba ta buɗe ƙofa ga jabu.

Ta biyar, abokan tafiyarta. Regileta ba ta aiki ita kaɗai: tana buƙatar gejin da ke nuna sauran iska, da bakin shaƙa na biyu don ko-ta-kwana. A ruwa mai duhu inda ba a iya karanta geji, ana ƙara ƙaramar tukunya mai regiletarta dabam. A ruwan da dabbobi ke sha, magudanan gari ke zuba, maganin feshi ke gangarowa daga gonaki, abin rufe fuska gaba ɗaya ya fi wanda ake cizawa, kuma ba ya faɗuwa daga baki idan mutum ya sume.

Ta shida ita ce mafi girma, kuma ita ce aka fi mantawa: wa zai yi mata sabis? Cikin regileta cike yake da zobban roba da kujerun bawul masu cinyewa. Masu ƙera ta sukan ce a buɗe ta a sauya waɗannan duk shekara ɗaya ko biyu, ko bayan nutso kimanin 100. Tukwane kuma ana duba cikinsu duk shekara, a gwada ƙarfinsu da matsin ruwa duk shekara biyar. Robar da aka kulle a sito mai rufin kwano ta sha zafin Afrilu sau biyu tana iya kasa riƙe iska. Regileta mai matsakaicin kuɗi da ake samun kayan gyaranta a Legas ko Fatakwal, da wanda aka horar ya buɗe ta, ta fi mafi tsada a duniya wadda sai an aika da ita Turai. Ta hannu kuwa, wadda ba a san tarihinta ba, arha ce da ba ta ado.

Iskar da ke cikin tukunya

Mutane da yawa suna zaton oksijin ne a tukunyar mai nutso. Iska ce ta yau da kullum da aka tace aka matse, mai kashi 21 cikin 100 na oksijin. Tsantsar oksijin guba ce a ƙarƙashin matsi: da an wuce zurfin mita 6 tana iya jawo farfaɗiya, mutum ya saki abin bakinsa ya nutse. Don haka tukunyar asibiti ko ta mai walda ba ta da wuri a bakin madatsa.

Haka nan injin mai faci. A ƙasashe da dama talakawan masunta suna nutso da tiyon da aka jona da irin wannan inji, kuma suna mutuwa ko su shanye. Injin faci yana tura tururin baƙin mai cikin iska, idan kuma yana kusa da hayaƙin janareta sai ya zuƙi kabon monoksaid, iskar da ba ta da wari ba ta da launi, wadda ke kama jini fiye da oksijin sama da ninki 200. Ma'aunin EN 12021 bai yarda wannan guba ta wuce kashi 5 cikin miliyan a iskar shaƙa ba. Mafi kyawun regileta ba ta tace komai, abin da aka zuba mata shi take miƙawa. Duk kasafin kuɗin da ya sayi tukwane bai sayi kwamfuresan iskar shaƙa da matatansa ba, ya sayi kayan da za a yi amfani da su sau ɗaya, ranar bikin ƙaddamarwa.

Akwai kuma wani abu da ya keɓanta da wannan yanki. Funtuwa tana kan tudu, kusan mita 700 sama da teku, alhali jadawalin da ke nuna tsawon lokacin da mutum zai iya zama a kowane zurfi an tsara shi ne don bakin teku zuwa tudun mita 300. Sama da haka dole a gyara lissafi, in ba haka ba iskar naitirojin da ta narke a jini ta yi kumfa yayin fitowa. Maganin wannan ciwo ɗakin matsi ne na musamman. Harrison Okene, mai dafa abinci a jirgin Jascon-4 da ya nutse a gaɓar Neja Delta a watan Mayun 2013, ya rayu kusan awa 60 cikin ɗan sararin iska a zurfin mita 30, kuma da masu nutso suka same shi ba su fito da shi kai tsaye ba, sai da ya shafe kwanaki a irin wannan ɗaki. Ya sami haka ne saboda a yankin masana'antar mai abin ya faru. Mai nutso a Malumfashi yana nesa da wannan gata da ɗaruruwan kilomita, saboda haka dole dokarsa ta zama taƙaita zurfi, taƙaita lokaci, da fitowa a hankali.

Rijiya ba madatsa ba ce

Kayan nutso ba su ne maganin rijiya ba. Abubuwa uku ne ke kisa a ƙasan rami. Akwai ƙarancin oksijin, inda iskar kabon dayoksaid, wadda ta fi iska nauyi, ke kwanciya a ƙasa kamar ruwa a kwano. Akwai iska mai warin ruɓaɓɓen ƙwai da ke tashi daga ruɓaɓɓen abu da ramin masai, wadda idan ta yi yawa take kashe jin wari kafin ta kashe mutum. Sai ta uku, wadda zamani ya kawo: hayaƙin injin ban-ruwa. Yankin da ya dogara da noman rani cike yake da waɗannan injina, kuma idan ruwa ya yi nisa, sai a ga dabara ce a saukar da injin cikin rijiya don ya ja. Minti kaɗan ya ishe shi ya cika ramin da guba, gubar kuma tana nan ko bayan an kashe shi.

A ƙa'idar ma'aikata ta Amurka, iskar da oksijin ɗinta ya gaza kashi 19.5 cikin 100 ba a shigarta ba tare da kariya ba. Idan ya faɗi ƙasa ƙwarai, numfashi kaɗan ya isa mutum ya sume, ba tare da ya ji alamar komai ba. A 1986 hukumar NIOSH ta ƙasar ta yi gargaɗin cewa fiye da kashi 60 cikin 100 na masu mutuwa a ƙuntatattun wurare waɗanda suka shiga ceto ne. Ashe ɗan'uwan da ya bi ɗan'uwansa cikin rijiya ba halin Bakori ba ne kaɗai, halin ɗan Adam ne, kuma horo ne kawai ke karya shi.

Takunkumin da aka saba da shi lokacin korona, ko jiƙaƙƙen ƙyalle, ko ma abin rufe hanci na masu feshin gona, duk tacewa suke yi, ba sa ƙirƙirar oksijin inda babu shi. Tsohuwar dabarar zura fitila a ga ko za ta mutu tana da hikima, domin tana tona ƙarancin oksijin, amma ba ta ganin kabon monoksaid, kuma tana iya tayar da wuta idan akwai gas mai kamawa. Abin da rijiya ke buƙata shi ne 'yar na'urar gwajin iska da ake zurawa da igiya kafin mutum, da fanka mai tiyo da za ta hura sabuwar iska har ƙasa, da ƙarfe mai ƙafa uku da ɗamarar jiki, yadda za a jawo wanda ya sume ba tare da kowa ya sauka ba. Idan dole a sauka, na'urar numfashi ta 'yan kwana-kwana ce ake sawa, mai rufe fuska duka, ko tiyon iska daga sama idan rijiyar ta yi ƙunci da goyon tukunya.

Me za a fara saye?

Mai adawa da wannan magana yana da hujja mai ƙarfi. Zai ce yankin da ke fama da 'yan bindiga a Faskari da Sabuwa da Ɗandume da Ƙanƙara, inda taki ya gagari manomi, ba shi da rarar kuɗin kayan nutso. Zai ƙara da cewa ƙwaƙwalwar da ta rasa oksijin tana fara lalacewa cikin minti 4 zuwa 6, don haka mai nutson da ya taso daga Funtuwa gawa zai tarar. Duka biyun gaskiya ne, kuma su ne ya kamata su tsara jerin sayayya.

Hukumar Lafiya ta Duniya ta ƙiyasta cewa kimanin mutum 300,000 ne ruwa ya ci a 2021, kuma matakan da take ba da shawara masu araha ne: shinge da murfi, kula da ƙananan yara, koyar da iyo, rigar kariya a jirgi, da koyar da jama'a yadda ake farfaɗo da wanda aka tsamo. Waɗannan su ne na farko. Murfin rijiya, da dokar hana lodin jirgi fiye da kima da Sarkin Ruwa zai tsaya a kanta, da huɗubar Juma'a guda a farkon Maris da za ta ce kada wanda ya saukar da inji cikin rijiya, kada wanda ya bi wanda ya sume, za su tsare rayukan da tukwane ɗari ba za su tsare ba. Na biyu, kayan rijiya a kowace ƙaramar hukuma cikin 11 na shiyyar Funtuwa, a hannun maginan rijiya da kansu, tunda su ne ke bakin rami kafin kowa. Na uku, na'urar numfashi ga 'yan kwana-kwana. Kayan nutso su ne na huɗu.

Kasancewarsu na huɗu bai sa sun zama banza ba. Iyalin da ɗansu ya kwana uku a ƙarƙashin ruwa suna da haƙƙin su yi masa sutura, kuma a yanzu masunta ne ke sayar da ransu don cika wannan haƙƙi. Madatsun da ke shayar da Funtuwa da Malumfashi suna da bakunan bututu da ƙofofi masu toshewa, wurin da ruwa ke zuƙa da ƙarfin da zai manne mutum ya kasa ɓamɓaruwa, aikin da ba a yi sai an rufe bawul an tabbatar. Tawaga biyu sun isa, ɗaya a kowane gari, kowace da aƙalla mutum huɗu: mai nutso, da wani a shirye a bakin ruwa don ceton sa, da mai riƙe igiyar da ke ɗaure da shi, da shugaban da ke riƙe agogo da lissafin iska. A zaɓo su daga 'ya'yan masunta, waɗanda suka san halin ruwan tun suna ƙanana, a tura su inda ake koyar da sana'ar, irin Cibiyar Horar da Ma'aikatan Man Fetur da ke Effurun, a kuma ɗauke su aiki da albashi.

Hausawa sun ce ba a fafe gora ranar tafiya. Kafin a sa hannu a kan kowace kwangila, ya kamata ɗan majalisa, ko ɗan jarida, ko shugaban ƙungiyar cigaban gari ya nemi amsar tambayoyi huɗu a rubuce: wa aka horar kafin kayan su iso, ina kwamfuresan da zai cika tukwanen, wa zai buɗe regiletar bayan shekara ɗaya, kuma a wane layin kasafin kuɗi aka rubuta kuɗin kayan gyaranta. Idan ba a sami amsa ba, ya fi alheri a karkatar da kuɗin zuwa murfin rijiyoyi da fankokin hura iska, kafin Maris mai zuwa.